Saƙo Marar Suna

Mutumin bai ko kashe babur ɗinsa ba. Ya kafe shi a gindin dalbejiyar da ke ƙofar ofishin duba amfanin gona na kan iyakar Jibiya, ya shigo da farar rigar asibiti duk ta jiƙe da gumi, ya ce yana neman wanda ya bar motar gyaɗa ta wuce da safe.

Sarai Baƙo ce kaɗai a ciki, tana sauya wa tafireta ƙyallen tawada. Ita ce mai buga takardun ofishin, kuma ita kaɗai ce mace a duk shingen. Ta ba shi kujera, ya ƙi zama. A tsaye ya yi mata bayani, da Hausar mutanen Maraɗi mai sauri. Malamin asibiti ne daga Ɗan Isa, can ƙetaren iyaka. Tun jiya ake kawo masa mutane suna amai suna karkarwa, wasu har da suma, kuma duk gyaɗa ɗaya suka ci. Ashe iri ne da aka tanada don shuka, an cuɗe shi da maganin ƙwari mai dafi. Wani ɗan kasuwa ya saye shi ta bayan gida, ya sa aka wanke hodar, aka shanya, aka ɗura a sababbin buhuna. Ido ba ya ganin komai, amma dafin ya riga ya shiga ƙwaya. Abin da ya rage an loda shi a mota an nufo Nijeriya, inda kuɗi ya fi auki.

"Kamyo ce, babbar motar kaya koriya, mai bodin katako," in ji shi. "Kin gan ta?"

Ta gan ta mana. Wanta Dogo ne ke tuƙa ta.

Da hantsi ya leƙo ta wannan tagar, ya ciko hularsa da gyaɗar, yana tauna yana yi mata tsiya wai ta zama 'yar gwamnati ba ta zuwa Daddara gaida tsohuwa. Ya miƙo mata, ta ce hannunta duk tawada ne. Da ta tambaye shi ina suka nufa, sai ya ce mai kaya bai faɗa ba, sai sun kai mararraba zai nuna. Haka 'yan gyaɗa suke a wannan shekarar da cuta ta cinye gonaki, kowa yana ɓoye kasuwarsa ko ga direbansa. Shi kuwa Dogo, duk wanda ya san shi ya san ba ya iya tuƙi bakinsa ba ya motsi.

Tsoro ya kama Sarai. Ta fita kiran Malam Rabe.

Malam Rabe shi ne shugaban ofishin. Mutum ne mai sanyin hali, wanda babban burinsa a duniya shi ne ya kai lokacin fansho ba tare da sunansa ya shiga bakin manya ba. Shi da kansa ya soka ƙarfe a buhunan da safe, ya murza gyaɗar a tafin hannu, ya yaba kyanta, ya sa hannu a takardar wucewa. Yana jin labarin sai ya zauna a kan benci, ya cire hula, ya shiga salati. Malamin asibitin bai jira ya gama ba. Ya ce duk wanda ya ci a gaggauta kai shi wurin likita, ya hau babur ya koma ga marasa lafiyarsa.

Bin motar ba zai yiwu ba. Motar ofis tana gareji a Katsina tun watan jiya, kuma ko tana nan, wace hanya za a bi? Daga Jibiya mutum na iya yin Gurbin Ɓaure, ko ya yi Batsari, ko ya shiga Katsina inda hanyoyi ke rabuwa kamar yatsun hannu. A kowace hanya akwai shingen ma'aikatarsu, amma shinge ba ya tare abin da ba a ce masa ya tare ba.

Sarai ta dubi kusurwar ɗakin, inda na'urar teleks ke zaune an rufe ta da tsohon zane.

Shekarun nan ne da kuɗin mai ya sa ake sayen abu tukuna, daga baya a tambayi amfaninsa. An kafa dogon ƙarfe a bayan kowane shinge, an kawo janareta, an kawo wannan na'ura mai kama da tafireta da ta ƙoshi. Abin da ka buga a nan, shi zai fito a takarda a can. Baturen da ya haɗa ta ya yi kwana biyu yana koya wa ma'aikata, suna gyaɗa kai, ya tafi suka rufe ta. Sarai ce kawai ta riƙe, don ta taɓa ganin irinta a makarantar koyon buga takardu a Zariya. Ba a danna mata maɓalli a ce ta yi kaza, sai dai a rubuta mata umarni a layi guda. Kowane shinge yana da haruffansa uku. Ka buga su, na'urar can ta farka. Akwai kuma wasu haruffa na musamman waɗanda in an buga su, duk na'urorin da ke kunne a lardin za su farka tare, su rubuta abu ɗaya a lokaci ɗaya. Tun da aka kafa ta ba wanda ya taɓa amfani da wannan kiran, sai ranar gwaji.

Ta yaye zanen, ta ce a tada janareta. Malam Rabe ya tashi da kansa ya ja igiyar, amma da ya dawo sai ya tsaya a kanta yana murza hula. Ya yarda a aika, da sharaɗi ɗaya: kada a sa sunansa. A rubuta Jibiya kawai.

Ba ta tsaya gardama ba. Ta buga haruffan kiran kowa, na'urar ta yi ƙugi, ƙararrawarta ta kaɗa. Ta rubuta saƙon da Turanci, gajere, yadda aka koya mata: zuwa ga dukkan shingaye, a tsayar da koriyar mota mai lamba kaza, gyaɗar da ke ciki guba ce, a amsa da gaggawa. Ta buga haruffan rufewa, ta janye hannu, ta zuba wa takardar ido.

Takardar ba ta motsa ba.

A waje kan iyaka na ta harkarsa. Ana ƙirga tumaki ana shigar da su wata tirela, masu jarkokin fetur suna ta ciniki da Faransanci rabi da Hausa rabi, wata mai fura tana rantsuwa nononta na yau ne. Sarai tana jin duk wannan kamar daga cikin rijiya. Abin da ke damun wannan kira na kowa shi ne, mai aikawa ba ya sanin wa ya ji. Ka jefa magana ne kawai, wanda kunnensa ke buɗe ya ɗauka. Don haka ta shiga bin su ɗaya bayan ɗaya. Akwai umarnin da in ka buga wa na'urar wani shinge, ita da kanta za ta faɗi sunanta ko ba kowa a kusa. Ta buga wa Katsina, ta amsa. Batsari ta amsa. Kankiya, Mashi, Dutsin-ma, Malumfashi, duk suka amsa. Gurbin Ɓaure ce kawai shiru, watakila ba mai a janaretarsu.

Wato saƙon ya isa. Yana can rataye a bakin kowace na'ura, baƙi a kan fari. Ƙarfe ya amsa, mutane ne ba su amsa ba.

Aka kira azahar. Malam Rabe ya je ya yi salla ya dawo, ya tarar da ita yadda ya bar ta. Ya leƙa takardar, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda abin bai ba shi mamaki ba.

"Ai ba za su amsa ba, 'yar nan," ya ce.

Ta ɗago kai. "Don me, Malam?"

Ya zauna ya yi mata bayani a hankali, kamar mai ba da haƙuri a madadin wasu. Takardar da ba ta ɗauke da sunan mutum, ba ta kowa ba ce. Akawun Batsari zai yage ta ya ce ta Katsina ce ta ɓato hanya. Na Katsina zai sa ta a tire ya jira maigida. Maigidan in ya zo zai juya ta gaba da baya, ya ga ba sallama, ba gaisuwa, ba sunansa, ba sunan mai aikowa, ya tambaya wane marar kunya ne a Jibiya yake ba shi umarni a cikin taro kamar ɗan ƙwadago. Ko mai shela da ke kiran gari baki ɗaya, sai ya fara da cewa sarki ya gaishe ku.

Haushi ya turnuƙe Sarai har idonta ya kawo ruwa. Wanta yana can bisa hanya yana jefa guba a baki, mata suna can a wata kasuwa da kwanoninsu suna jiran gyaɗar ƙuli-ƙuli, su kuwa manya suna jiran a tambaye su ya gajiya. Ta so ta faɗi wannan da ƙarfi. Amma ta san fushi ba ya tsayar da mota, kuma ta san Malam Rabe gaskiya ya faɗa. In dai gaisuwa ce kuɗin shiga, za ta biya.

Ta jawo takarda da fensir, ta ce ya ba ta sunayensu duka, da laƙabin da kowa ke so a kira shi da shi.

Nan kuma wata ta taso. Malam Rabe ya ba da shawarar a aika wa kowa nasa daban, a asirce. Ta ce a'a. Layin ɗaya ne, kafin ta gama da na uku motar ta wuce na shida. Ban da haka, wanda aka kira shi kaɗai yana iya cewa bai gani ba, amma wanda aka kira sunansa a gaban tsaransa ba shi da wurin ɓuya. Za ta sake kiran kowa, ta jera su a takarda ɗaya, kowa ya ga sunansa ya ga na ɗan'uwansa.

"To wa za ki fara sawa?" in ji Malam Rabe.

Ashe nan gizo ke saƙa. Malam Ɗanladi na Katsina shi ne babba a takarda. Yaro ne da ya yi karatu, aka ɗora shi sama lokacin da aka yi gyaran albashi. Alhaji Kalilu na Dutsin-ma kuwa tun zamanin En'e yake soka buhu, shi ya koya wa rabinsu aiki, har da Ɗanladin. Ko a wurin taro ba sa zama sai an san kujerar da za a ba kowa. Duk wanda aka sa na biyu, an yi abokin gaba. Malam Rabe ya ce shi dai ba da bakinsa ba, kuma har yanzu yana kan bakansa, kada a sa sunansa a ƙasa.

Sarai ta ajiye fensirin. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, yau ma ba ta ɗaga ba.

"Malam, sunanka yana kan takardar da ta bar motar nan ta wuce, ko ka so ko ka ƙi. Gara a same shi kuma a kan wadda ta tsayar da ita."

Malam Rabe ya ce ta sa sunan nasa, Allah ya sa a dace. Zancen jeri kuwa ya bar mata, ya fita ya tsaya a bakin ƙofa kamar ba a ofishinsa ake yi ba.

Ta sa Malam Ɗanladi a farko, don Katsina ce ke da tarho da 'yan sanda a kusa. Ta sa Alhaji Kalilu na biyu, tana sane da abin da ta yi. Wannan karon da Hausa ta rubuta. Ta fara huda saƙon a siririn tef na takarda don ya tafi a jere ba tuntuɓe, ta ɗora shi, ta buga haruffan kiran kowa, ta sake shi. Na'urar ta kama sarrafa shi tana ƙwanƙwasa. Sallama ta wuce. Sunan Malam Ɗanladi da gaisuwarsa suka wuce. Alhaji Kalilu, ya iyali, ya fama da jama'a. Na Kankiya, na Mashi, kowa da nasa. Tana kallon layukan suna fitowa tana jin kowane ɗaya tafiyar mil ce a ƙarƙashin tayar Dogo. Sai can ƙasa maganar ta zo: motar, lambarta, gubar, da roƙon duk wanda ya ci a kai shi asibiti. Ta rufe da cewa ɗan'uwanku Rabe na Jibiya yana roƙon kowa ya amsa ta kiran kowa, don duk a san wanda ya ji.

Ba a daɗe ba ƙararrawa ta kaɗa. Katsina ce. Malam Ɗanladi ya amsa gaisuwa, ya ce motar ta wuce shingensu tun kafin azahar, ba a lura da hanyar da ta ɗauka ba, amma ya sanar da 'yan sanda. Wannan amsar ta fito a duk na'urorin lardin, kuma daga nan ba wanda ya so a ce shi ne na ƙarshe. Kankiya da Mashi suka bugo a lokaci guda, haruffansu suka cakuɗe suka zama shirme, sai da Sarai ta shiga tsakani ta ce Kankiya ta fara. Ba su ga motar ba, amma sun sauke sanda sun tsaya. Batsari ma haka. Malumfashi ta ce ta tura mutum kasuwa ya gaya wa masu awo.

Dutsin-ma ba ta ce uffan ba.

Sarai ta buga wa na'urar can, ta faɗi sunanta lafiya lau. Malam Rabe ya leƙo daga ƙofa, bai ce na gaya miki ba, amma fuskarsa ta faɗa. Tunda motar ba ta bi ta Kankiya ba, ba ta bi ta Mashi ba, ko yaro ya san hanyar da ta rage. Inuwar dalbejiya ta fara miƙewa gabas. Sarai ta haɗa hannuwanta a cinya ta yi addu'a a zuci yadda aka koya mata a coci tun tana ƙarama, gajeriya, don ba ta da natsuwar doguwa. Sannan ta gyara zama, ta sake buga haruffan kiran kowa. Ba ta huda tef ba, kai tsaye ta rubuta, ba ta kuma nemi izinin kowa ba.

"Duk wanda saƙo ya kai wa ya amsa, saura babanmu Alhaji Kalilu. Duk lardin nan an san ba a taɓa wucewa da ɓarna ta shingensa ba. Direban motar wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce Sarai mai buga takarda, ni na jera sunayen, ba Malam Rabe ba. Muna jiran Baba."

Malam Rabe ya karanta ta bayan kafaɗarta, ya kama baki. Yarinya ta kira dattijo a gaban lardi guda. Ya ce in wannan bai jawo mata kora ba, to ba abin da zai jawo. Ta ce ta ji.

Aka kira la'asar, ya tafi, ya dawo. Janareta ta fara tari, ya je ya ƙara mata mai daga jarkar da ya saya da kuɗin aljihunsa a bakin hanya. Masu tumaki sun tafi, mai fura ta kife ƙwaryarta. Sarai ba ta tashi ko shan ruwa ba.

Sai ƙararrawa ta kaɗa, haruffan Dutsin-ma suka fito.

Alhaji Kalilu da kansa yake bugawa, da yatsa ɗaya, ana gani. Harafi ya faɗo, a jira, wani ya faɗo. Ya yi sallama cikakkiya. Ya gaida Malam Rabe, ya tambayi iyalinsa. Ya tambayi mutanen kan iyaka da yadda suke fama da zafi. Ya gaida sauran shugabannin shingaye ɗaya bayan ɗaya, ya bar Malam Ɗanladi a ƙarshe. Sarai ta miƙe tsaye ba ta sani ba, ta riƙe gefen takardar da hannu biyu kamar za ta jawo maganar ta fito da ƙarfi. Na'ura kuwa ba ta ba da abin da ba a buga mata ba.

"Bayan gaisuwa," in ji takardar, "mota tana hannuna tun saƙonku na biyu. Ban amsa ba ne don ni na ɗauki direban a motata na kai shi asibiti, na same shi a bakin shinge yana amai. Likita ya ce an kawo shi da sauran lokaci, amma sai an ga kwanan yau. Buhu ko ɗaya bai sauka ba. Mai kaya yana ɗaure."

Ta koma kan kujera. Malam Rabe yana ta hamdala a bayanta. Ta ɗauka an gama, sai na'urar ta ci gaba da ƙwanƙwasawa a hankali.

"Saƙonku na farko ma na gan shi. Lokacin motar ba ta iso ba, da na san da ni ake da na tura a tarye ta a hanya. Sannan ina son a gaya wa yarinyar nan, ni na riga Ɗanladi shiga aikin nan da shekara goma sha tara. A gyara gaba."

Takardar ta tsaya. Sarai ta karanta layin farko na wannan ƙarin sau biyu, ba ta san ko godiya za ta yi ko kuka ba. Akwai abin da take son sani yanzu fiye da komai: wane ɗaki aka kwantar da shi, yana gane mutane, ya yi magana? Motar ƙarshe mai zuwa Katsina tana ɗaukar fasinja a bakin shinge, ɗan kamasho yana ta kira.

Ta share fuska da bakin mayafi, ta ɗora yatsunta, ta buga haruffa ukun Dutsin-ma. Tambayar tana kan yatsunta, tana ƙuna. Ta haɗiye ta, ta fara rubutawa.

"Ranka ya daɗe, Baba Alhaji. Barka da yamma. Ya gajiyar hanya?"